Kuɓewa a Buhun Siminti

Tun da na dawo Gaya da zama a gidan ɗana, abin da ya fara ba ni haushi shi ne tsakar gidan. Siminti ne tun daga bakin zaure har ƙofar banɗaki. Cokali in ya faɗi sai ka ce an fasa kwano, ruwan sama in ya sauka ba ya samun inda zai shiga, sai ya yi ta kewaye yana neman rariya. A gidan da na tashi a Toranke kuwa ƙasa ce ke karɓar komai. Ruwan wanke hatsi, ruwan alwala, tokar murhu, kashin awaki, duk akwai inda za su, ba a kiran abu shara sai akuya ta ƙi shi ƙasa ma ta ƙi shi. Luguden mata ke tashin mu da safe, da kukan jaki, da tarin tsofaffi masu dawowa daga masallaci. Nan kuwa janaretan maƙwabci ne da injin markaɗe da 'yan adaidaita sahu masu danna hon kamar an aiko su. Ba na ce da can aljanna ce ba. Mun taka ƙaya, mun ɗauki tulu har wuya ya ƙage, mun ga shekarar da tuwo ya koma sau ɗaya a yini. Amma Allah Ya sani, sai da na yi 'ya'ya uku kafin na ga an miƙa kuɗi an karɓi ganyen miya.

A wancan zamani maza ke da gandu, su ke da gero da dawa da gyaɗa, su ke hawa rumbu. Amma bayan ɗaki na mace ne, ko mai gida bai isa ya ce a shuka kaza a cire kaza ba. 'Yar garka ce da ba ta fi shimfiɗar tabarma huɗu ba, an kewaye ta da kara saboda awaki. A ciki akwai rama da yakuwa da lalo da barkono, zogale na tsaye a kusurwa, kabewa ta bi danga ta haye jinka ta kwanta abinta. Ruwan farko na sauka, kafin maza su gama neman sungumi, mata sun riga sun tsuguna a bayan ɗaki suna tona rami da ɗan yatsa. Kakata, wadda ta haifi babana, ita ce uwar wannan aiki a gidanmu. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce mai kaifin baki, ba ta iya ganin ƙasa a zaune ta wuce ba ta soka mata wani abu ba. Takan ce macen da ta sayi kuɓewa da damina a tambaye ta ko hannunta ne ya karye. Mu 'yan mata aikinmu korar kaji, da kwaso taki daga turken awaki, da tsinkar kuɓewa duk bayan kwana biyu, hannu ya yi ta ƙaiƙayi har ka rasa inda za ka sa shi. Jikokina kuwa a leda suka san kayan miya, an ƙulle an miƙo daga teburin mai kayan gwari. Na taɓa tambayar babbarsu, wadda ke sakandare, a ina kuɓewa ke fitowa. Ta ce a ƙarƙashin ƙasa kamar dankali, ko ƙifta ido ba ta yi ba.

Kuɓewar kakata ba irin doguwar nan ta kasuwa ba ce mai kyan gani da ƙarancin yauƙi. Gajera ce mai kauri, da ɗan ja a bakinta, ga saurin haihuwa, 'yan kaɗan sun ishi tukunyar babban gida. Daga uwarta ta gaje ta, uwarta kuma Allah kaɗai Ya san inda ta samo. Ba a sayen iri a lokacin, ba a kuma sayar da shi. In damina ta yi nisa sai tsohuwa ta bi garka tana duba 'ya'yan da suka fi ƙiba da lafiya, ta yagi bakin tsohon zane ta ɗaura wa kowanne ƙyalle a wuya. Wanda aka ɗaura wa ƙyalle ya tsira daga tukunya. Nan zai zauna a jikin uwarsa ya bushe har in ka girgiza shi ka ji yana kacau-kacau, sannan a cire, a ɓare, a gauraya da toka a zuba a gora, a rataye saman murhu inda hayaƙi ke korar ƙwari. Ni dai a lokacin na san cewa mai ƙyalle ta musamman ce. Abin da ban tsaya na tambaya ba shi ne ta musamman don me.

Shekarar da abin ya faru ban fi tara ko goma ba. Ruwa ya yi gardama, shukar farko ta ƙone, aka juye gorar iri kaf wajen sake shuka, a ƙarshe tsiro shida kawai suka tsira. Ran nan kakata ta tafi ta'aziyya wani ƙauye, innata na ɗaki tana jego, ga babana ya kira gayya, maza sun fi goma a gona za su dawo da yunwa. Manyan mata suka kama tuƙin tuwo aka bar mini miya. Ni kuwa son a yaba ya kama ni. Na ce a raina yau ranar baƙi ce, in ba yau ba yaushe za a ci ta musamman? Na shiga garka na bi masu ƙyalle ɗaya bayan ɗaya na tsinke, na kwance ƙyallayen na watsar a ƙasa. Wuƙa ma ƙin shiga ta yi don sun riga sun ƙosa, amma taurin kai ya sa na jajjaga su a turmi na zuba. Miyar ta fito da zare-zare, 'yan gayya na ci suna tofarwa, wani ya dubi babana ya ce, “Malam, yau da igiya aka yi mana miya ne?” Aka yi ta dariya har da masu riƙe ciki. Na ɓuya a bayan rumbu ina kuka, na ɗauka iyakar hukuncina ke nan.

Da la'asar kakata ta dawo. Ko mayafi ba ta cire ba ta wuce garka kamar yadda ta saba, ina leƙenta ta cikin danga. Ta tsaya ta daɗe, sannan ta sunkuya ta tsince ƙyallayen ɗaya-ɗaya ta ƙulle a bakin zanenta. Ba ta dake ni ba, da ma ta dake ni ɗin. Sai kawai ta ce, “Gobe ki shirya, za ki raka ni Gafasa.” Kowa a gidan ya san a Gafasa ƙanwarta ke aure, kuma sun fi shekara goma suna gaba a kan wata saniyar gado. Ta sha faɗa a gaban kowa cewa ƙafarta ba za ta taka gidan ba. Da safe muka kama hanya a ƙafa, tana gaba ina baya, rana ta take kafin mu isa. Muka tarar da ƙanwar tana daka. Ta amsa sallama da ƙyar, ba ta ajiye taɓarya ba, ba ta ce a kawo tabarma ba. Sai na ga abin da ban taɓa zato ba, kakata da ko mai unguwa ba ta rusuna wa ta durƙusa a ƙasa gaban ƙanwarta.

“Me ya kawo ki?” in ji ƙanwar.

“Iri ya kawo ni. Kuɓewar Inna ta ƙare a hannuna.”

Matar ta tsaya da taɓarya a hannu kamar ba ta ji ba. Can ta jingine ta, ta shiga madafi ta fito da gora baƙa ƙirin da hayaƙi, ta zazzaga a bakin mayafin yayarta. Ta ce, “Da kin bari ta ɓata saboda girman kai, da wannan ce ba zan yafe miki ba, ba saniyar ba.” Daga nan aka kawo ruwa, aka dama fura. A hanyar dawowa kakata ta tsaya gindin wata tsamiya ta juyo ta dube ni.

“Ke, kin ga na durƙusa wa ƙanwata?”

Na ce, “Na gani, Kaka.”

“To kada ki ɗauka daɗi na ji. Girma in ya zube ana tara wani. Iri in ya tafi ya tafi.”

Da aka kai ni ɗakin miji, a cikin kayana akwai 'yar gora da tokarta. Shekara na kewayowa na haifi ɗan fari, wannan da nake zaune a gidansa yanzu. A gidanmu kuwa, da yake akwai jinin Fulani ta wajen uwa, kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Ba ki kiran sunansa, ba ki ɗaukarsa a gaban mutane, in ya faɗi ya fasa baki wata ce za ta ɗaga shi ke kina kallon gefe, zuciya kuwa na tafasa. Ana yaye shi kakarsa ta ɗauke shi. Ya taso yana ce mini Yaya don haka ya ji ƙannena na faɗa. In ina so ya ci abinci sai in fuskanci bango in ce a gaya wa wancan tuwo na hucewa. Ya yi karatu, ya samu aikin gwamnati, ya yi aure, ya gina gida, shekara hamsin da ɗoriya ke nan, in ya zo gaishe ni daga bakin ƙofa yake tsugunawa ni kuma in amsa ina kallon tabarma. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin cuta ba. Haka aka yi wa babana, haka na ga ana yi. Matan yanzu da ke rungume ɗan fari suna ƙwala masa kira a tsakiyar kasuwa, ni nake jin kunyar a madadinsu.

Bayan rasuwar mai gidana aka raba gida, inda garkata take wani ɗan ɗan'uwansa ya kafa shago. Aka turo mota ta kwaso ni da akwatina da tabarmata da gorata. Wata uku na yi a Gaya an ajiye ni kamar kwanon jere, in ci, in yi salla, a kunna mini talabijin. Ƙafafuna suka kumbura. Sai ran nan na lura da jikin bangon gabas, akwai wani ɗan tsiri da magina suka bari ba siminti, faɗinsa bai fi kamu biyu ba, an tara masa ɓaraguzan bulo da buhunan siminti da aka gama da su. Na kwashe ɓaraguzan da hannuna. Buhunan na wanke su tas, na huda gindinsu da ƙusa, na roƙi taki a gidan maƙwabcinmu mai kiwon tumaki, na haɗa da yashi da toka da 'yar ƙasar da na kankaro, na cika na jera a jikin bango. Ruwa kuwa a garin nan saye ake yi wajen 'yan garuwa, don haka a daro nake alwala, ruwan wanke shinkafa ma ban bari a zubar, na sabulu kaɗai nake ƙyalewa ya bi rariya. Robar fenti ta zama gidan attaruhu, tsohon daro ya ɗauki alayyahu, wata taya da na tsinta a ƙofar gida ta riƙe yakuwa. Ranar da furen kuɓewa na farko ya buɗe, rawaya da jan ido a tsakiya, na zauna a gabansa na yi kuka, ba na ɓoyewa. A damina ta uku buhu goma sha huɗu gare ni, surukata ta daina aike sayen ganye, matan layinmu kuma suka fara shigowa da sunan gaisuwa suna ƙirga huda nawa ake yi wa buhu.

Ɗan nawa, mai gidan, shi ne abin bai yi wa daɗi ba, kuma da yake ba ma magana, ta bakin matarsa saƙo ke zuwa ya koma. Yarinya ce mai hankali, ban taɓa samunta da laifi ba. Ta zo ta durƙusa ta ce, “Inna, Abbansu ya ce wai buhunan nan na tara sauro.” Na ce, “Ki ce masa sauron daga kwatar ƙofar gida yake, ya fara da can.” Bayan kwana biyu ta dawo tana murza gefen hijabi. “Wai ya ce abokan aikinsa in sun shigo sai su ɗauka ya kasa ciyar da ke ne.” Na ce, “Ki ce masa wanda ya ga abinci a tsaye ya kira shi talauci, idonsa ne ke ciwo.” Ashe ita baiwar Allah tankaɗe maganata take yi kafin ta kai, ta zubar da tsakin ta kai masa garin. Daga baya ta faɗa mini da bakinta cewa duk abin da na ce, abin da ke isa kunnensa shi ne Inna ta ce to.

Bana abin ya zo da gardama. Rariya ta toshe, ruwa ya kwana uku a tsakar gida, shukar farko ta ruɓe, na juye gorata kaf na sake shukawa. Tsiro biyar suka tashi. Hankalina bai kwanta ba, na sa aka buga waya Toranke, aka buga Gafasa wajen jikokin ƙanwar kakata, ko akwai mai sauran gajerar nan mai jan baki. Babu. Kowa ya koma irin leda na kanti, wata ma dariya ta yi ta ce wa ke ajiye gora yanzu. Na zaɓi 'ya'ya tara na ɗaura musu ƙyalle, na ƙiyasta nan da mako uku za su bushe. Saiwar kuwa ta riga ta ratsa gindin buhu ta kama ƙasar da ke ƙarƙashi, in aka ɗaga buhu an kashe tsiro. Ana cikin haka aka sa ranar walimar saukar Alƙur'ani ta 'yarsa, saura kwana goma, sai ga kwalayen tayil an jibge a zaure, za a shafe tsakar gida gaba ɗaya har jikin bango. Sau uku ina aika surukata a ɗaga mini ƙafa mako uku. Amsar da ta dawo ita ce in kwantar da hankalina, zai cika mini buhu da busasshiyar kuɓewa daga kasuwa.

Ran nan da hantsi masu aiki suka shigo da baro da shebur, aka zube yashi a tsakar gida. Na ɗauko kujerata 'yar tsugune na dasa ta a gaban buhunan na zauna da carbina. Babbansu ya zo ya rusuna ya ce, “Inna, a ɗan gusa mana, za mu kwashe ciyawar nan.”

Na ce, “Ciyawa? Da ciyawa aka yi maka miya ka girma?”

Ya sosa ƙeya ya koma gefe ya buga waya. Ba a jima ba sai ga mai gidan ya baro ofis. Ya tsaya daga bayana, can nesa inda ya saba tsayawa, ya ce wa matarsa, “Ki ba Yaya haƙuri, ki ce mata aikin nan ba zai jira ba, baƙi za su zo daga Kano.” Ita kuma ta tsaya a tsakiyarmu tana duban nan tana duban can. Wani lebura da ya ga mai gida ya iso sai ya ɗauka an gama magana, ya cusa shebur ƙarƙashin buhun ƙarshe ya danna. Da kunnena na ji saiwa ta ce ɗas. Na dubi surukata na ga bakinta ya fara shirya Inna ta ce to. Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi. Na dafa bango na miƙe, na juya na dube shi a fuska, na kira shi da sunan da liman ya raɗa masa, wanda ban taɓa furtawa ba tun ranar da aka yanka ragonsa.

Leburan ya saki shebur. Surukata ta toshe baki da hijabi.

Na ce, “Da kai nake, ba da bango ba. Wannan da kake gani ta girme ka, ta girme ni, ta girmi wadda ta haifi kakata. Da ita aka yi miyar da na sha ina jegonka. Na nema ko'ina, babu sauranta sai waɗannan tara. Gida naka ne, tayil naka ne, ban hana ka ba. Amma kamu biyun nan, in za a shafe shi sai dai a shafe da ni a kai, baƙinka na Kano su zo su tarar da tsohuwa a cikin siminti.”

Sai a lokacin na ga ashe gemunsa duk furfura ce, ashe kunnuwan babana ne da shi sak. Ya tako ya zo gabana, ya tsuguna a cikin yashin da kayan ofis ɗinsa, a gaban leburori da matarsa.

“Yaya,” ya ce, “sake faɗa.”

“In sake faɗin me?”

“Sunan.”

Tausayinsa ya kama ni, da haushin kaina, mutum da furfurarsa yana roƙon abin da 'ya'yan kowa ke samu kyauta tun suna goye. Amma ban saba ba da kai a gaban baƙi ba.

Na ce, “Sau ɗaya ya ishe ka yau. Tashi ka ce su janye ƙarfen nan daga saiwata.”

Ya tashi ya nuna wa mai tayil bakin tsohon simintin da ƙafa ya ce a ja layi daga nan. Sannan shi da kansa ya zare shebur ɗin ya jingine a bango, ya durƙusa ya tura buhun ya koma mazauninsa, yana danna ƙasa a gindinsa da tafin hannu. Na koma kan kujerata na zauna ina kallonsa, ba ta gefen ido ba, har ya gama.